Rakiyar Mai Rediyo da Sifirin da Na Zubar

Tun da na ajiye tuƙin tarakta a gidan gonar da na yi aiki a Shika, zama ya gagare ni. Da safe in fito ƙofar gida a Samaru in zauna a benci, kafin shayi ya huce na miƙe. In leƙa wajen masu faci in koya musu faci, in tsallaka wajen masu keke napep in gaya musu injinsu na kuka, in dawo gida in buɗe tukunya in ce miya ta yi ruwa. Mai ɗakina ta haƙura wata uku. A na huɗu ta kira 'yarmu a waya, ina ji, ta ce ta zo ta samo mini abin yi ko ita ta bar mini gidan.

'Yar tamu sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Ta yi karatun kwamfuta, ta yi aure, 'ya'yanta biyu, kuma tana da wani ɗaki a saman bene kusa da kasuwar Samaru inda take koya wa mutane yadda ake rubuta wa na'ura umarni. Ni kuwa aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a bakin rafi na yi shi. Rubutun da kuke karantawa ɗin nan a jikin takardun mai da na gareji na ƙarasa koyonsa. Amma ta ɗauke ni ta kai ni ajin, ta ajiye ni a kujerar baya, ta ce, "Baba, ka zauna ka yi kallo kawai. Kada ka taɓa komai."

Kafin a tashi na taɓa komai.

A mako na biyu ne ta zo kan darasin da ya ja mini abin da zan ba ku labari. Ta ce na'ura ba ta da hankali ko na sisin kwabo, duk abin da ka ba ta sai ka gaya mata irinsa. Akwai adadi cikakke, kamar buhu bakwai. Akwai adadi mai ɗigo, kamar lita biyu da rabi. Akwai rubutu, wato duk abin da karantawa kawai za a yi, ba lissafi ba. Akwai kuma wani ƙaramin iri da ba ya ɗaukar komai sai eh ko a'a. In ka tara su da yawa a layi ɗaya, shi ne jeri.

Ta ce mu duba allo. Ta ba na'ura ɗaya da ɗaya a matsayin adadi, ta ce ta haɗa, sai ga biyu. Ta sake ba ta ɗaya da ɗaya a matsayin rubutu, ta ce ta haɗa, sai na'urar ta manna su gefe da gefe ta kawo sha ɗaya. Na yi dariya har da buga tebur. Na ce, "Alhamdu lillahi, yau na ga wanda na fi lissafi a garin nan!"

Ɗaliban suka fashe. Uwata ta harare ni ta ce, "Ba ita ta yi kuskure ba, Baba. Abin da aka ce mata shi ta yi."

Darasin ya shige ni, ko kuma haka na zata. Ni da na shekara talatin ina raba man inji da man birki da ruwan lagireto, kowanne da jarkarsa, wa zai koya mini cewa kowane abu da mazubinsa? Ranar duk tambayar da ta yi ni ne na fara ɗaga hannu. Shekarun mutum? Adadi. Sunan unguwa? Rubutu. An biya ko ba a biya ba? Eh ko a'a. Wata ɗaliba mai gilashi ta juyo ta ce, "Kai, Baba, you are sharp fa!" Na sauko daga benen nan ina jin kaina kamar wanda aka ba digiri. Da ma kaina bai cika buƙatar famfo mai yawa ba kafin ya kumbura.

Ina da aboki a Sabon Gari, Ibo, mai gyaran rediyo. Ya zo Zariya yana saurayi. Ni ma ina saurayi na kai masa rediyon babana da na lalata a ɓoye, ya gyara, bai tona ni ba. Daga nan ne. Hausarsa irin tamu ce ta Zazzau, wadda Kanawa ke mana dariya a kanta. Ina ce masa Oga, yana ce mini Direba. Barandar shagonsa ta zama majalisarmu shekara da shekaru, Musulmi da Kirista, masu walda, teloli, direbobi, ana buga dara, ana jin ƙwallo a rediyon mutane da suka kawo gyara, wani lokaci ma an gama gyaran amma Oga ya ce wa mai ita ya dawo jibi saboda akwai wasa gobe.

To, matarsa ta rasu, idanunsa suka fara hazo, rediyo kuma mutane sun daina kawowa. 'Yan majalisa suka watse, wasu sun koma unguwanni masu nisa, wasu ƙafa ta hana su fita, wasu sun riga mu. Sai ɗansa ya zo daga kudu ya ce zai tafi da shi gida gaba ɗaya. An yanke rana: Asabar mai zuwa, a doguwar motar da ke tashi bayan la'asar.

A wajenmu baƙon kwana ɗaya ma ana taka masa zuwa bakin titi, balle mutumin da ya yi shekara hamsin da ɗoriya a gari. Na same shi yana ɗaure tsofaffin wayoyi a kwali, na ce, "Oga, sai na tara maka majalisa duka sun raka ka tasha."

Ya ce, "Direba, bar wahalar da kanka. Ina za ka gan su?"

Na ce, "Ina da lambar kowa a littafina. Da maɓalli ɗaya zan kira su duka. Ka manta yanzu ni ɗan kwamfuta ne?"

Ya yi dariya har da tari. Can ya ce, "In ma kowa bai zo ba, manomin nan nake so in gani."

Na san wanda yake nufi. Wani dattijo ne manomi, Kirista, a wani ƙauye can gaba da Shika. Wata shekara da gari ya rikice, shi ya ɓoye Oga da matarsa da 'ya'yansu a gidansa har ƙura ta lafa. Na ce, "Shi ne ma na farko a jerina."

Ranar Litinin na kai wa Uwata littafin. Mutum arba'in da ɗaya na ƙirga. Ta ce, "Baba, da ka kira su ɗaya bayan ɗaya ai ya fi." Na ce na riga na yi wa Oga alkawarin maɓalli ɗaya, kada ta kunyata ni. Ta girgiza kai ta zauna ta rubuta mini ɗan gajeren shiri da zai tura saƙo zuwa wayar kowa. Gida uku ta yi: na suna, na waya, da na ko mutum zai zo. Saura in zaɓi irin abin da kowane gida zai ɗauka, in zuba mutanena. Ana cikin haka aka kira ta daga makarantar 'ya'yanta, ƙaramar ta yi zazzaɓi. Ta ɗauki jaka ta ce, "Ka shigar da su, amma kada ka tura sai na dawo na duba."

Gidan suna na ba shi rubutu. Gidan zuwa na ba shi eh ko a'a. Gidan waya ban ko tsaya tunani ba. Alƙaluma ne zalla, babu baƙi ko ɗaya a ciki, na ba shi adadi. Da yatsa ɗaya na shigar da mutum arba'in da ɗaya, ina duba littafi, ina duba maɓallai, ban ɗaga kai na kalli allo ba. Na gama, Uwata ba ta dawo ba. Na zaga ɗakin. Na leƙa taga. Na zauna, na tashi. Ga maɓallin turawa yana kallona. Na ce a raina, me za ta duba, ni da na cinye aji? Na danna. Na'ura ta rubuto cewa ta gama.

Da Uwata ta kira da yamma ta ce gobe za ta duba, na ce mata ta huta, na fasa, zan bi su da baki. Ƙarya ce. So nake sai mutane sun cika tasha in ce mata aikina ne ni kaɗai.

A saƙon na ce duk mai zuwa ya kira ni. Talata na wuni da waya a hannu. Ba ta yi ƙara ba sai sau ɗaya, shi ma mai ɗakina ce daga tsakar gida tana tambaya ko na ga wuƙarta. Laraba na ce ko wayar ce ta lalace. Na cire batir na hura, na mayar. Na tsayar da wani mai rake na ce ya kira ni, ta yi ƙara lafiya lau. Na hau keke napep zuwa Sabon Gari ba tare da na san me zan je yi ba.

Na tarar Oga ya sa an aro benci shida daga cocinsu an jera a baranda. Ya ce kafin a wuce tasha a ɗan zauna a sha lemo kamar da. Ya sa an wanke masa babbar rigar da muka ɗinka masa lokacin bikin ɗansa.

"Direba, mutum nawa suka amsa?"

Na ce, "Wayata ba ta huta ba tun jiya."

"Manomin fa?"

"Shi ya fara kira."

Ya shafa benci da tafin hannu yana murmushi. Ni kuwa na miƙe. Na ce ina da uzuri, na fito, na taka da ƙafa har Kwangila kafin na tuna akwai abin hawa a duniya.

Alhamis haushi ya maye gurbin tsoro. Na hau benen Uwata lokacin da ba ta nan, na buɗe jerina, na bi gidan zuwa ina cika shi: a'a, a'a, a'a, har arba'in da ɗaya. Ina dannawa ina zagin su a raina. Mutanen da suka sha inuwar barandar nan, suka ji ƙwallo kyauta, yau mutum zai tafi ba wanda zai iya ɗaga waya! Na dawo gida ban ci tuwo ba. Mai ɗakina ta ce, "Malam, wa ya taɓa ka?" Na ce duniya.

Juma'a da sassafe na nufi Dogarawa, wajen wani tsohon mai walda, ɗan majalisarmu, wanda na fi jin haushinsa don shi ya fi kowa cin gyaɗar Oga. Na same shi a ƙofar gida yana shan koko. Ko gaisawa ban bari mun gama ba.

"Kai dai an yi butulu! Mutum zai bar gari gobe, ka ga saƙo ka yi kamar ba ka gani ba?"

Ya ajiye kofin. "Wa zai bar gari?"

"Oga mana!"

"Inna lillahi! Oga zai tafi? Yaushe? Wane saƙo kake magana?"

Ya miƙo mini wayarsa, irin mai tocila. Na bi saƙonnin ciki ɗaya bayan ɗaya. Babu nawa. Ya ce, "Kuma ko ya shigo, Direba, yaushe ka taɓa ganin na karanta saƙo? Kai ma ka san idona. Rabin majalisar nan wa ke karatu a cikinsu? Ka rasa kira, ka rasa zuwa, sai ka aiko mana takarda ta iska, sannan ka zo ka zage ni a kan kokona?"

Ban san lokacin da na dawo Samaru ba. Na hau benen nan ina haki, na tarar da Uwata ita kaɗai tana share tebura. Na faɗa mata komai, har ƙaryar. Ta buɗe jerin, ta juyo mini da allo.

"Baba, karanta mini wayar mutum na farko."

Na karanta. Ta ce in duba littafina. Na duba. A littafi da sifiri ta fara, kamar kowace waya a ƙasar nan. A allo babu sifirin. Na duba ta biyu, babu. Ta uku, babu. Duka arba'in da ɗaya an yanke musu kai.

Na ce, "Wallahi na danna shi! Kowanne na danna!"

"Ka danna. Amma ka ce mata adadi ne. In ka ce buhu sifiri bakwai, buhu nawa ke nan?"

"Bakwai."

"To haka ta yi. Ta ga sifiri a gaba, ta ce ba ya ƙara komai, ta zubar. Saƙonka ba inda ya je. Waya ba adadi ba ce, Baba. Ka taɓa haɗa wayarka da ta Inna ka sami jimla? Suna ne, da alƙaluma kawai aka rubuta shi."

Na zauna a kujerar baya, tawa ta asali. Ta gangara gidan ƙarshe ta ga a'a jere reras.

"Waɗannan fa? Duk sun ce ba za su zo ba?"

"Shiru suka yi."

"Shiru kuma sai ka rubuta musu a'a? Wanda bai amsa ba ana barin gidansa babu komai, don ba ka sani ba tukuna. Ka yanke wa mutum arba'in da ɗaya hukunci ba su ma san ana shari'a ba." Ta ɗan sassauta murya. "Ni ma da laifina. Na sa ta ce ta gama ko saƙo ya tafi ko bai tafi ba. Matsa in gyara."

Ko minti biyar ba ta yi ba. Ta mayar da gidan waya rubutu, ta sa aka maido wa kowa sifirinsa, ta goge a'a ɗina duka, ta tura. Kafin in sauka daga bene wayata ta yi ƙara sau biyu. Amma maganar mai walda na kunnena. Na raba littafin gida biyu, na yage rabi na ba Uwata ta yi ta kira, ni kuma na ɗauki waɗanda na san sai an je.

Wannan Juma'ar ban san a wane masallaci na yi salla ba, na dai ji kiran salla na shiga. Daga Hayin Dogo na yi Palladan, daga can na koma Dogarawa, na shiga lungunan Sabon Gari da rabona da su tun ina da baƙin gashi. Wani gida aka ce ai ya rasu bara, ba ka ji ba? Wani aka ce yana asibiti a Shika. Wani tela ya rungume ni ya ce ko a kan jaki ne zai zo. Kowa sai ya tambaya me ya sa sai yau nake faɗa, ni kuma in ce sabis ne ba kyau.

Manomin ne ya gagara. Wayarsa a kashe, Uwata ta kira ya fi sau goma. Na yi niyyar zuwa ƙauyen, amma rana ta riga ta yi ƙasa. A tashar Shika na sami wani direban akori-kura ɗan ƙauyensu, na roƙe shi don Allah ya isar da saƙo. Ya ce in ya koma da wuri zai faɗa. Ban ji daɗin wannan "in" ɗin ba.

Asabar mutum goma sha tara suka zo. Benci huɗu suka cika, biyu muka jingina da bango. Oga ya fito cikin babbar riga, ba ya ganin fuskoki sosai, sai ya riƙa gane mutane da murya. Duk wanda ya yi sallama ya kira shi da sunan tsokanarsa, a kwashe da dariya. Mai walda ya fara ba da labarin zuwana Dogarawa, na taka masa ƙafa. Aka sha lemo, aka yi addu'a iri biyu. Ni dai idona na kan titi.

Muka ɗunguma zuwa tasha da ƙafa, tsofaffi goma sha tara da kwalaye a ka, masu shaguna na fitowa suna ɗaga hannu. A bakin mota Oga ya riƙe hannuna.

"Direba, bai zo ba."

Na ce, "Oga, bai kira ni ba. Ba wanda ya kira ni ran Laraba. Ni na ɓata aikin, saƙon bai fita ba sai jiya. Shi ban ma tabbata ya ji ba."

Ya daɗe yana kallon wajen da yake zaton fuskata take. Ya ce, "Na sani tun ran Laraba. In kana ƙarya sauri kake yi. Shekara hamsin ban gane ka ba?" Ya matse hannuna. "In ka gan shi ka ce masa ban manta ba."

Kwandasta ya buga jikin mota. Ɗansa ya taimaka masa ya hau. Muka tsaya har ta fita daga tasha ta hau babban titi, sannan mutane suka fara watsewa. Ni na kasa tafiya. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, na tashi, na zaga, na dawo.

Ana gab da kiran magariba wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar tasha. Dattijon manomin nan ya sauko da ƙyar, ƙafafunsa duk jar ƙasa, ya rungumo ƙwarya an rufe ta da faifai. Ashe sai yau da azahar direban akori-kurar nan ya tuna ya gaya masa, yana gona. Ya dube ni, ya dubi filin da motar ta bari.

"Ta tashi?"

Na ce, "Ta tashi, Baba. Laifina ne."

Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya ɗaga faifan, ƙwan zabi ne a cikin dusa. Ya mayar ya rufe.

Na ciro waya na kira ɗan Oga. Ya ce sun wuce Jaji. Na ce ya ba babansa. Na miƙa wa dattijon, ya ba ni ƙwaryar in riƙe masa, ya kama wayar da hannu biyu ya manna a kunne.

"Mai rediyo? Ni ne. Na zo, ka ji? Ina tasha."

Na matsa gefe da ƙwaryar ƙwai a hannu don kada in ji sauran. Sun daɗe suna magana.